Wayar Ƙasa

Amfilin babana ya riga babana dawowa Tawa.
Cikin kwali ya zo daga Abija, naɗe da zane biyu,
kwalabensa huɗu, kowace cikin safarta,
da kaset ɗaya, da ƴar takarda:
a ajiye mini, ina tafe bayan damina.
Damina goma sha ɗaya ke nan.

Ran da na kunna shi bai ce komai ba sai ƙugi,
irin na zuma a kogon kuka.
Na taɓa wayar lasifika,
ta cije ni har gwiwar hannu.

Na yi gammo na kai shi Bilbis,
rumfar Alkasum mai gyaran rediyo,
wanda dalma ta yi wa tsaga a kowane yatsa.
Ya kife shi kamar akuyar da za a feɗe,
ya fara sallamar wutar da ta kwana a ciki,
sannan ya sa hannu ɗaya,
ɗayan ya ɓoye shi a aljihu.

Ya ce, Habsu, matso ki gani.
Wanga dunƙulen baƙin ƙarfe, taransifon fita,
ɗaki biyu ne, bango ɗaya.
Ɗakin farko wuta ɗari huɗu ke kwana ciki,
ba ta san ɗan kowa ba.
Na biyun murya ce kaɗai, tana gangarawa lasifika.
Ba su taɓa haɗa hannu ba,
ta jikin bango suke gaisawa.
Bangon kuwa takarda ce,
shekara hamsin tana shan zafi.
Ran da ta ɓule, baƙuwar za ta ƙetaro,
in ba ta iske hanyar ƙasa ba
ta jikinki za ta bi.

Da tsinken tsintsiya ya zaƙulo wata baƙar waya
tana reto, ba ta riƙe da kowa.
Wani gwani can bakin teku ya datse ta,
ya ɗaure sauran a wuri biyu don ya burge.
Ga ƙuginki nan, in ji shi.
Wuta in ta ga hanya biyu zuwa gida
sai ta yi ta kewaya tana gunaguni.

Ban ce masa ya tuna mini da kowa ba.

Ya kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari.
Kusa ɗaya. Wuri ɗaya.
Ya jawo bakin wayar ya zaunar da ita,
ɗigon dalma bai fi ƙwayar dawa ba,
hayaƙin ƙaro ya miƙe siriri ya bi ta idonsa,
bai ƙifta ba.

Jaka biyu ya karɓa, ya mayar mini da ɗaya,
ya haɗa ni da sandar jan ƙarfe tsawon ƙanena.
Ki haƙa bayan ɗaki, inda ruwan wanka ke bi,
ki zuba gawayi da gishiri.
Ƙasar Adar kurma ce,
ba ta amsa kira sai ta sha.

Bayan isha'i aka kawo kuran.
Kwalaben suka yi ja a hankali, kamar garwashin shayi.
Na kasa kunne. Shiru.
Shiru mai tsabta, irin na wanda ya buɗe baki zai yi magana.
Na sa kaset ɗin.

Ya yi gyaran murya.
Ya gai da kowa da sunansa, har wanda ya mutu bara,
ya ce a saya wa ƴar ƙaramar takalmi.
Ni ce ƴar ƙaramar.
Inna ta fito da ludayi a hannu,
ta tsaya a bakin ƙofa har kaset ya ƙare,
ta ce, ashe yana da mura ranar.

Yanzu kowace safiya
buta ɗaya nake juye wa sandar nan.
Maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga jiya,
tana tambaya me na shuka.